Aikin 'Yata a Mangalar Jaki

Kububuwa ta sare ni a gonar gyaɗa, aka makara wajen kai ni asibiti, aka yanke mini ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Ba a daɗe da sallamo ni daga Kano ba 'yata ta tattaro kayanta daga Abuja ta dawo gida, ta taho da aikinta.

Ban ce ta zo ba. Na binne uwarta, na binne yayyenta maza. Lokacin da nake haƙar rijiya ƙasa ta taɓa rufta mini, aka tono ni da rai. Ban ga abin da rashin ƙafa ɗaya zai nuna mini sabo ba. Amma wata rana sandata ta zame a bakin banɗaki, na daɗe a ƙasa kafin maƙwabta su ji, wani mai dogon baki ya buga mata waya. Ta ce in zaɓa, ko in bi ta Abuja ko ita ta zo. Na ce ko gawata ba za ta je Abuja ba. Ta ce to shi ke nan, a share mata ɗakin uwarta.

Sunan mahaifiyata gare ta, don haka ba na kama sunanta, Uwata nake ce mata. Kawunta na Kano ne ya ɗauke ta tana ƙarama ya sa ta a boko. Ni allo kaɗai na riƙe, shi ma ban yi nisa ba. Ta yi aure a can, auren ya mutu. Ban tambaye ta dalili ba, ba ta faɗa ba.

Da ta huta na tambaye ta abin da take yi wa mutanen Abuja da har za a iya yin sa daga ƙauye. Ta ce kamfaninsu gadin kwamfutocin wasu kamfanoni yake yi, don kada masu kutse su shiga. Akwai waɗanda suke zaune a ofis suna jiran ƙararrawa ta buga, ita ba ta cikinsu. Nata aikin shi ne ta ɗauka ɓarawon ya riga ya shiga, ƙararrawa ba ta ji shi ba, ta bi sawunsa. Duk abin da kwamfutocin nan suka yi ana rubuta shi, wa ya shiga, daga ina, me ya buɗe, ana tara shi a wani wuri da suke kira gajimare. Ta ce ba sama ba ne, manyan kwamfutoci ne jibge a wani sito a wata ƙasa, haya ake yi. Ita takan rubuta tambaya ta aika can. A nuna mata duk wanda ya shiga da sunan ma'aikacin da aka riga aka sallama. A nuna mata kwamfutar da ta kwashi kaya da yawa ta aika wurin da ba ta saba aikawa ba. Amsa ta dawo, ta zauna ta tsince ta. Farauta suke ce wa aikin.

Na ce na ji. Rabi na gane, rabin ya ishe ni.

Ƙauyenmu a ƙasar Turawa yake, wani gari a yankin Karaye, cikin kwari. Sabis ba ya son kwari. In za ka yi waya a gidana sai ka tsaya jikin katangar gabas, kusa da turken awaki. Ta sa aka kafa dogon ƙarfe da wata na'ura a kansa. Ya taimaka wa kira da ɗan gajeren saƙo, amma shafin da take shiga ta yi tambayoyinta ya ƙi buɗuwa. Nauyi gare shi, in ji ta, duk zane ne da maɓallai. Sai ka ga wani ɗan zobe yana ta juyawa a fuskar kwamfutar, ita kuma ta tallafe haɓa.

Na ji ta a jikin katanga tana magana da oganta da Turanci, tana dariyar da ba tata ba. Da ta gama na tambaye ta me ya ce.

"Tambaya ya yi ko akwai sabis a nan."

"Kika ce me?"

"Na ce akwai."

"Uwata, ƙarya kika yi."

"Baba, ban ce yana da ƙarfi ba. Cewa na yi akwai."

Sharaɗin da ogan ya ba ta ke nan kafin ya bar ta ta taho, in aiki ya tsaya ta koma.

Sai ta fara hawa acaɓa kullum zuwa cikin Karaye. Wani mai shagon buga takardu ya ba ta kujera a lungu. Ta fita da safe, ta dawo bayan la'asar, zanenta duk taɓo don damina ce. Ta zo ne don kada in yini ni kaɗai, ga shi ina yini ni kaɗai, ita kuma tana ramewa. Na faɗa mata haka. Ta ce ta sani.

A lokacin na riga na koma gona. Na sayar da kekena na sayi jaki. Gonata tana kan tudu, ta wajen hanyar Tudun Kaya, akwai tsohuwar ɗorawa a tsakiyarta. Wata rana ta kira ni ina can, ta ji muryata garau. Washegari ta biyo ni da kwamfutarta. Shafin ya buɗe, amma kowace tambaya sai ta danna ta jira, in sabis ya ɗan girgiza ta koma farko. Rana ta buɗe, kwamfutar ta yi zafi, ga hadari ya taso daga gabas. Masu wucewa kuma sai su tsaya su yi kallo. Ta naɗe kayanta ta koma gida.

Ta yi 'yan kwanaki tana rubutu a ɗaki. Daga nan ta aika Kano aka kawo mata wani ɗan akwati, bai fi sabulun wanki ba, da batir, da wata aba mai cin layi biyu na kamfanoni daban. Ta ajiye shi a tabarma gabana.

Ta ce wurin nan da take aika tambaya mashiga biyu gare shi. Akwai babbar ƙofa ta mutane, ita ce shafin mai nauyi. Akwai kuma 'yar taga da aka yi don na'ura ta yi magana da na'ura, API suke ce mata. A tagar babu zane babu ado, rubutu ne ya shiga, rubutu ya fito, sabis kaɗan ya isa. Ta rubuta wa akwatin abin da zai yi daki-daki. Da ya ji sabis zai je tagar ya nuna makullinta, wasu haruffa ne masu tsawo da ofis ya ba ta. A ba shi tikitin da ke aiki na ɗan lokaci. Sai ya miƙa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya karɓi amsa ya adana. In sabis ya yanke, ya jira, ya sake daga farko. Makullin na tambaya ne kawai, ba ya gogewa, ba ya canza komai. Abin da akwatin ya adana kuma a kulle yake, ko an sace shi ba mai iya karantawa.

"Ni ina ruwana a ciki?" na ce.

"Kai za ka riƙa kai shi gona."

Ta nuna mini maɓalli ɗaya da 'yar fitila. Ja, babu sabis. Ruwan ɗorawa, yana aiki, kada a kashe shi. Kore, ya gama.

Haka muka zauna har damina ta wuce, kuma ban taɓa jin daɗin zama kamar na lokacin ba. Da safe ta dama mini koko. Ta naɗe akwatin a leda, ta sa a tsohuwar safa, in jefa a mangala tare da fartanya da gorar ruwa. Jakin ya san hanya, ba na ko taɓa shi. In na isa, in rataye safar a reshen ɗorawa da ƙugiyar da na lanƙwasa, in danna, in zauna a ƙasa in ja jiki tsakanin kunya ina cire ciyawa. Mai ƙafa ɗaya yana noma, sai dai a zaune, wandonsa kuma ba ya daɗewa. Abin da ya fi ƙarfina in sa 'yan ƙwadago. Can in ɗaga kai in ga fitilar. Wata rana ta yi kore kafin in gama kunya ɗaya, wata rana sai rana ta take. Kafin azahar ina gida. In tarar ta gama girki. Ta haɗa akwatin da kwamfutarta ta zauna a inuwar rumfa tana karantawa, ni ina kwance a gefe ina jin ƙarar yatsunta. Abin da ta gani ta taƙaita, ta je jikin katanga ta aika.

Yawancin ranaku babu komai. Ta karanta, ta ce lafiya lau, ta rufe. Na so hakan. Na yi gadin rumbunan mutane a shekarun yunwa, na san ranar da babu komai ita ce ranar kirki.

Wata rana kuwa ta ƙi cin abinci. Ta ga sunan wani da ya bar aiki tun bara yana shiga yana fita a kwamfutocin wani kamfani. Ta yi ta kai da kawowa tsakanin rumfa da katanga har awaki suka gaji da matsawa.

"Kin kama shi?" na ce da ta zauna.

"Ni ba kamu nake yi ba, Baba. Nuni nake yi. Masu rufe ƙofa suna can."

"Sun rufe?"

"Sun rufe."

"To ci tuwonki."

Ina da taubashi a Gwangwan, ƙasar Rogo, ɗan gwaggona. Tare aka yi mana kaciya. Tun da shi ɗan mace ne ni ɗan namiji, bawana nake ce masa, bai taɓa yarda ba. Dillalin gyaɗa ne, in ya zo cin kasuwa wajenmu sai ya biyo ta gona. Ranar da ya fara ganin safa a reshe ya zagaya ta yana leƙe.

"Gurgu, laya ka rataya wa ɗorawa?"

"Bawa, gaida ubangidanka tukuna."

"Ubangidan da jaki ke ɗauka yana saukewa? An ce mini jakinka ya samu aiki a Abuja, kai ne ɗan rakiya."

"Aiki dai ne. Kai shekara nawa kana auna gyaɗar mutane, ko akuya ba ka ajiye ba."

"Na ajiye ƙafa biyu."

Ya zauna ya cinye mini rogon da na zo da shi. Da muka je gida ya ce wa 'yata ta duba masa a cikin abin nata ko za ta ga wanda ya sace masa agwagwa. Ta ce, "Baffa, agwagwarka tana da kwamfuta?" Ya ce wannan yarinya bakin ubanta ta ɗauko.

Da kaka, muna cirar gyaɗa, na rataye akwatin ke nan, fitila tana ruwan ɗorawa, sai ga babur ya shigo har cikin gona. Babban ɗan taubashina ne, magidanci. Ya durƙusa.

"Baffa, Baba ya rasu bayan sallar asuba. An yi masa wanka. Kai ake jira."

Na yi salati. Na ce wa 'yan ƙwadago su mayar da jaki gida in sun tashi. Sai na dubi reshe. Ba zan bar kayan amana a rataye a gona ba. Gida yana baya, Gwangwan yana gaba, gawa kuma ba ta jiran kowa. Ta ce kada a kashe shi in yana ruwan ɗorawa. Na ciro shi yadda yake na sa a aljihun riga. Na ce a raina sabis ai sabis ne, zai ƙarasa a hanya. Wayata na manta ta a mangala.

Hanyar hawa da gangara ce. Na riƙe sandunana a cinya, na riƙe ɗan taubashina da hannu ɗaya. Ban tuna da aljihuna ba.

Muka yi masa salla a ƙofar gidansa. Ban iya ɗaukar makara ba, aka kai ni maƙabarta a babur. Na zauna a bakin kabarin, aka sa shi, aka jera itace, na kwaɓa ƙasa da hannuna na miƙa. Shi ne na ƙarshe a cikin waɗanda suka san ni ina yaro. Da na sunkuya na ga hasken fitilar ta cikin yadin aljihuna, ja. Ta zauna a ja har muka bar wurin.

Bayan la'asar aka dawo da ni. Na tarar da ita zaune a rumfa, kwamfutar a rufe. Ta taso ta karɓi sandunana.

"Baba, ya haƙuri? Allah ya ji ƙan Baffa, ya sa ya huta."

"Amin."

Ta kawo ruwa, ta kawo abinci. Sai da na wanke hannu ta ce, "Akwatin yana wurinka?"

Na ciro na ba ta. Ta cire batirin, ta ajiye shi a gefe, sannan ta faɗa mini abin da ya faru.

Duk gangaren da muka shiga sabis ya yanke, duk tudun da muka hau ya dawo. Kowane dawowa akwatin ya koma tagar, ya nuna makulli, ya nemi sabon tikiti, ya fara tambayoyin daga farko. Kuma yana tsalle tsakanin layukan nan biyu. A gona layi ɗaya yake kamawa kullum. Ɗayan, yadda kamfaninsa ke bi da saƙo, sai a gan shi kamar daga Legas yake fitowa. Masu zaman ofis suka ga makullinta a Kano, suka gan shi a Legas, suka sake ganinsa a Kano, duk kafin a sha shayi a gama, yana ta maimaita tambaya iri ɗaya. Haka makullin da aka sace yake yi. Tambayar da ta tono shi ma ita ta rubuta musu ita tun tana Abuja. Suka kashe makullin nan take, oga ya kira ta. Ta kira wayata, wani ɗan ƙwadago ya ɗauka daga mangala ya ce na tafi jana'iza da safa a aljihu.

"Me kika ce wa ogan?"

"Gaskiya."

"Duka?"

"Har jakin."

"Ya ce me?"

"Cewa ya yi in maimaita wajen jakin."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ogan ya ce makullin da ke buɗe sirrin kamfanonin mutane yana yawo a aljihun wanda ba ma'aikaci ba, kuma ta ɓoye masa. Ya ce in wata ya kama ta dawo ofis da zama, ko ta ajiye aikin.

"Ki koma," na ce.

"Da kai."

"Ba ni zuwa."

"To ni ma."

"Uwata, na zauna ni kaɗai kafin ki zo."

"Ka faɗi a banɗaki."

"Na tashi."

"Ɗaga ka aka yi, Baba."

Na san ta. In ta ce ba ta zuwa, ba ta zuwa, ta ajiye aikin da ta yi shekaru tana koyo ta zauna tana dama mini koko. A nan babu mai kwamfutar da za a yi wa gadi. Zan riƙa ganinta kullum a rumfar nan hannu babu komai, in san saboda ni ne. Na fi son in sake faɗuwa.

Na ce, "Abin nan dole sai an kai shi gona? Babu wata hanya?"

Ta ce akwai. Abin da ta rubuta a akwatin ana iya ajiye shi can cikin gajimaren, ya riƙa tashi da kansa kowace safiya ya yi tambayoyin, makullin yana can bai taɓa fitowa ba. Ya tace amsar, ya aiko mata da ɗan abin da sabis ɗin katanga zai iya ɗauka.

"Me ya hana tun farko?"

"Sai oga ya sa hannu. In na roƙa zai tambayi dalili. In na faɗi dalili ya san babu sabis."

"Yanzu ya sani."

"Ya sani."

"To me ya rage da kike ɓoyewa?"

Ta ce ba lallai ya yarda ba, wanda aka yi wa ɓoyo sau ɗaya ba ya saurin ba da makulli. Na ce ba lallai ba ne, amma a tambaya.

Na koma Gwangwan zaman makoki har aka yi sadakar uku. Ita kuma ta koma lungun mai shagon nan a Karaye. Ta tattara duk abin da akwatin ya yi tun damina, ta nuna wa ogan babu safiyar da tambayoyin ba su tafi ba, ta nuna masa abin da aka gano ta hanyarsu. Ta ce a can ofis har lokacin da hannu ake danna su, in mutum ya yi rashin lafiya ko ya sha'afa ranar ta wuce. Ta rubuta masa yadda za a mayar da abin gajimare ya yi wa kowa aiki, ba ita kaɗai ba. Ta kuma rubuta cewa ta yi kuskure da ba ta faɗa ba tun farko.

Da na dawo ta ce ogan yana son magana da ni. Ta ɗauki acaɓa biyu muka shiga Karaye. Na gan shi a fuskar kwamfuta, mutumin kudu ne mai furfura a gemu, yana da Hausa kaɗan. Ya yi mini ta'aziyya da bakinsa, sauran ta fassara. Ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa riƙe akwatin ban da ni da ita. Na ce babu. Daga hannunta zuwa mangala, daga mangala zuwa reshe, ina zaune a ƙarƙashinsa. Ranar jana'iza daga reshe zuwa aljihuna. Ya tambaya ko na taɓa barinsa na je wani wuri. Na ɗaga masa kututturen ƙafata ya gani, na ce ina zan je. Ya rufe baki da hannu. Ya ce zai kai maganar gaba, ba shi kaɗai ke yankewa ba.

Muka jira. Watan yana ta ƙarewa. Ba ta haɗa kaya ba, ban tambaye ta ba. Ba ta da makulli, babu aikin yi, sai ta zauna tana taya ni ɓarar gyaɗa. Hannunta bai saba ba, ya yi kanta. Duk sanda waya ta yi ƙara ta tashi da sauri zuwa katanga, ta dawo ta zauna. A kwanakin ban ci abinci sosai ba, na ce mata zafin rasuwar ne. Rabi gaskiya ne.

Amsar ta zo wata ranar Laraba da hantsi. Ta daɗe a jikin katanga. Da ta dawo ta zauna ta ɗauki gyaɗa ta ɓare, sannan ta yi magana. An ba ta takardar gargaɗi, za ta zauna a fayil ɗinta. Akwatin za ta kai shi ofis da hannunta a goge shi. Abin da ta rubuta za a sa shi a gajimare, wani abokin aikinta ya duba shi kafin a kunna, makullin kuma ba za ta ƙara riƙe shi ba, can zai zauna. Duk wata za ta je Abuja ta yi 'yan kwanaki. Ranar da amsa ta yi nauyi ta shiga Karaye ta buɗe. Sauran ranaku ta zauna inda take.

"Wato kina nan."

"Ina nan, Baba."

"Gargaɗin fa?"

"Na ci shi. Nawa ne."

Na ce Alhamdu lillahi. Na ce ta bar gyaɗar nan haka, tana fasa ƙwayar.

Ta tafi da akwatin ta dawo babu shi. Yanzu da safe wayarta takan yi ƙara tana cikin wanke-wanke, ta goge hannu ta duba, amsar ce ta iso da kanta. Ta ce tambayoyin sun ƙaru, abokan aikinta suna kawo nasu ana zubawa a ciki. Wasu ranakun takan yi faɗa da su a waya a kan tambayar da aka rubuta ba daidai ba, ta kwaso mutanen da ba su yi komai ba. Ba na gane Turancin, amma ina gane faɗa.

Ina gidana a ƙasar Turawa. An yi mini ƙafar roba a Kano, ranar Juma'a nake sa ta, sauran ranaku tana rataye don tana cin fata. Idona na dama ya fara hazo. Bana dawa na shuka, ta yi kyau. In 'yata ta yi tafiya matar maƙwabcina ce ke kawo mini abinci, gishirinta yana yawa. Jibi za ta tafi Abuja, ranar Asabar ta dawo.